Difa: injin tsohon babur ya buga, a gyara ko a sayar?

Daga Maine-Soroa zuwa Bosso, a gefen kogin Komadugu, babur mai dogayen ƙafafu ya daɗe yana kai malamin gona fadama, yana kai allurar rigakafi ƙauye, yana kai ɗan kasuwa wurin shanyar tattasai. Yawancin baburan nan sun tsufa, wasu ma sun kwashe shekaru a kulle cikin ɗaki saboda dokar ta-ɓaci. Ranar da injin ya buga, mai shi yakan shiga tsaka mai wuya: ko ya zuba kuɗi a gyara, ko ya sayar da arha ya nemi wani.

Abin yakan zo ba sallama. Mutum yana tafe bisa turbar yashi cikin zafin rana, sai ya ji injin ya yi nauyi, ya yi ƙara kamar ana haɗa ƙarfe da ƙarfe, sannan ƙafar baya ta ƙame. In ya yi saurin damƙe kuloci ya tsira daga faɗuwa. In ya taka abin tayarwa ya ji shi da tauri kamar dutse, to ya san maganar ta wuce canjin buji. Daga nan sai neman amalanke ko motar kasuwa da za ta ɗauko babur ɗin zuwa gari. Ranar Talata, da kasuwar Difa ke ci, ba a rasa irin waɗannan babura a jingine a rumfunan bakanikai, masu su na zaune bisa benci suna jiran hukunci.

Shawara kuwa ba ta ƙaranci a irin wannan wuri. Bakanike zai ce a gyara, domin da gyara yake ci. Dillali zai ce a sayar, domin la'adarsa yake hange. Maƙwabci zai ce ai ƙarfen da ya fi na yanzu. Kowanensu yana da gaskiyarsa, amma aljihun mai babur ne zai biya.

Baburan da suka zo da proje

Bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, ayyukan raya karkara sun yawaita a Nijar, kuma kowane proje yakan zo da baburansa domin ma'aikatan da ke shiga daji. Jihar Difa tana da nisan wajen kilomita 1360 daga Yamai, kwalta kuma kusan ɗaya ce, wato hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Maine-Soroa da Difa ta nufi Gigimi. Da an sauka daga kanta, sai yashi a arewa, sai laka da tabo a kudu wajen kogi. Irin wannan ƙasa ce ta sa Yamaha DT 125 da ƴan uwansa, irin su Yamaha AG, Suzuki TS da Honda XL, suka yi suna a wajen malaman gona, malaman dabbobi, ma'aikatan lafiya da masu zagayen makarantu.

Kamfanin Yamaha na Japan ya fito da DT na farko a 1968, sunan DT 125 kuma ya bayyana a 1974. Injinsa mai bugu biyu ne, silinda ɗaya, iska ce ke sanyaya shi, ba shi da bawul ba shi da sarƙar cikin inji. Faɗin silindar milimita 56 ne, tafiyar fistan milimita 50, jimilla santimita kubik 123. Ƙafar gaba mai inci 21 ce, abin da ke ba shi damar keta yashi da ramuka, cikinsa kuma yana da tsayi daga ƙasa. In proje ya ƙare, ko wa'adin babur ya cika, akan yi gwanjonsa, sau da yawa ma'aikacin da ya hau shi ne ke saye. Ta haka waɗannan babura suka shiga hannun jama'a.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle, a daidai lokacin da albashi kan yi watanni bai fito ba. Sabon babur ɗan Japan ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, gyara ya zama dole. A shekarun 2000 kuma baburan Sin da na Indiya suka cika kasuwa, irin su Kasea, Haojue da Bajaj, da farashin da talaka ke iya kaiwa. Tun daga lokacin mai tsohon babur ya samu zaɓi na biyu, tambayar ta kuma yi wuyar amsawa.

Shekarun da babura suka kwana a ɗaki

A Difa akwai ƙarin dalili. Ranar 6 ga watan Fabrairu na 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari a Bosso da Difa. Cikin ƴan kwanaki gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka hana hawan babur dare da rana, domin da shi maharan ke yawo. An kuma hana cinikin tattasai da kamun kifi, aka tsaurara sayar da fetur da takin zamani. Ƴan kabu-kabu suka rasa sana'a, tasi da adaidaita suka maye gurbinsu. An ɗage haramcin tattasai a 2017, na kifi a 2019, na babur kuwa ya ɗauki shekaru kafin a fara sassauta shi.

Ƙarfe ba ya son zama. Babur da aka kulle da sauran fetur a tanki, fetur ɗin yakan bushe ya bar danƙo a cikin kafireta ya toshe ƙananan ƙofofinta. Tanki yakan yi tsatsa daga ciki. Robobin da ke tare iska a gefe biyu na karanshaf sukan bushe su tsattsage. Mafi muni, ɗan man da ke lulluɓe da boris na ƙasan inji yakan tsiyaye, raɓa ta shiga, tsatsa ta ci ƙwallayen. Ga shi kuma Komadugu ta yi ambaliya a 2019 da 2022, ruwa ya shiga gidaje a unguwannin bakin kogi da ƙauyuka, ya tarar da babura a inda aka aje su. Irin wannan babur yana iya tashi da bugu biyu ko uku, mai shi ya yi murna, bayan ƴan makonni injin ya buga a tsakiyar hanya.

Abin da ke kashe inji

Inji mai bugu biyu ba shi da kwanon baƙin mai a ƙasansa. Man da ke shafe fistan da boris yana shiga ne tare da fetur, ya yi aikinsa, ya ƙone ya fita a hayaƙi. A DT akwai ƙaramin tanki na wannan mai da famfon da ke auna shi, tsarin da Yamaha ta fito da shi a 1964 da sunan Autolube. In tankin ya ƙare ba a lura ba, ko wayar famfon ta tsinke, ko iska ta shiga bututun, fistan zai yi ta gudu a bushe. Fistan na alminiyum ne, cikin silinda na baƙin ƙarfe, alminiyum kuma ya fi saurin kumbura da zafi. Cikin ƴan mintoci sai ya cika silindar ya manne. Masu cire famfon su koma haɗa mai da fetur da hannu sun rage wannan haɗari, amma sun ɗauko wani, domin ma'aunin ido ba ya zama daidai kullum.

Na biyu shi ne ƙura. Iskar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tana ratsa jihar Difa da ƙura mai laushi kamar gari. In soson tace iska ya yage, ko an bar shi a bushe ba a shafa masa mai ba, ƙurar takan shiga ta yi ta goge silinda da zobba kamar ana wasa wuƙa. Na uku, tsattsagaggun robobin karanshaf sukan bar iska ta shiga ta ɓarauniyar hanya, fetur ya yi kaɗan a cikin cakuɗar, injin ya yi zafi fiye da kima. Na huɗu, fetur ɗin kwalba da aka gauraya da kananzir ko ruwa. Na biyar, tafiya cikin yashi mai zurfi da ƙaramar giya a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40: injin yana ihu, babur ba ya gudu, iskar da za ta sanyaya shi ba ta samuwa.

Sanin dalilin yana da muhimmanci ƙwarai, domin wanda ya sa sabon fistan bai toshe ƙofar da ta kashe na farko ba, zai sake biyan kuɗin nan gaba kaɗan.

A buɗe kafin a yanke shawara

Kuskuren da aka fi yi shi ne yanke shawara injin yana rufe. Cire kan inji da silinda a DT aikin ƙasa da awa ɗaya ne, ladansa kuma kaɗan ne. Ya kamata mai babur ya tsaya a wurin ya gani da idonsa.

Abu na farko da za a duba shi ne fistan da cikin silinda. In alminiyum ne kawai ya shafu a bango, da ƴan zane marasa zurfi, to ciwon na sama ne. Ana kai silindar wurin masu injin fafar ƙarfe su faɗaɗa ta kaɗan, a sa fistan da ya ɗara na da girma. Irin waɗannan fistan suna zuwa mataki-mataki: ƙarin milimita 0,25, sai 0,50, sai 0,75, sai 1,00. Galibi lambar tana rubuce a saman fistan, ita ce ke faɗin sau nawa aka taɓa fafe silindar. In an riga an kai matakin ƙarshe, sai dai a sa sabuwar riga a cikin silindar ko a nemi wata.

Abu na biyu shi ne sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, wadda wasu ke kira biyel, wasu kwanrod, gwargwadon ko a Damagaram suka koyi aiki ko a Maiduguri. A kama ta a ja sama a danna ƙasa. Ɗan motsi zuwa gefe ba laifi ba ne, amma in ta yi wasa sama da ƙasa ko da kaɗan, ko a ga ta yi shuɗi saboda zafi, ko a ji ƙurji-ƙurji in an juya ta, to ciwon ya sauka ƙasa. Nan sai an raba injin biyu, a matse karanshaf a fitar da tsohuwar sanda, a sa sabuwa, a daidaita shi har ya daina karkata, a canza boris da robobi duka. Wannan aiki yana bukatar na'urar matsi da ma'auni. Wanda ya yi shi da guduma bisa kututture zai mayar da injin da ke girgiza yana cin boris. Kuɗinsa kuma yakan ninka na gyaran sama.

A baburan bugu huɗu, irin su Honda XL da Yamaha AG 200, ana ƙara duba bawul, sarƙar cikin inji da mazaunin sandar da ke buɗe bawul, domin ƙarancin baƙin mai can yake fara ɓarna.

Abu na uku shi ne sauran jikin babur, wanda zafin rai kan sa a manta da shi. A duba ƙashin bayansa ko ya tsage ko an taɓa yi masa walda a wuyansa, a duba sandunan gaba ko sun lanƙwashe ko suna zubar da mai, a duba wayoyin ƙafafu, sarƙa da haƙoranta, tayoyi, birki, wuta, da giya ko tana fita da kanta. Lafiyayyen inji a cikin ruɓaɓɓen jiki hasara ce. Duk abin da zai bukaci canji cikin shekara ɗaya a rubuta shi a takarda tare da kuɗin injin.

Lissafin ɗan kasuwa

Lambobi uku ake bukata: nawa ake taya babur ɗin yadda yake a mace, nawa gyaran zai ci, nawa kuma zai yi in ya tashi. A ƙaddara, don misali kawai, ana taya shi jika 100, gyaran sama zai ci jika 60, in ya tashi zai yi jika 230. Gyara ya ƙara masa jika 130 da kuɗin jika 60, babu gardama a nan, ko da niyyar sayarwa ce gara a gyara tukuna. Amma in ciwon ya kai ƙasa, ga tayoyi ga sarƙa, lissafi ya kai jika 180, to mai babur ya zuba 280 a kan abin da kasuwa ba za ta saya sama da 230 ba. Kuma kimantawar bakanike ta farko ba kasafai take zama ta ƙarshe ba, hikima ce a aje wani abu a gefe.

Kuɗin da aka kashe bara ba ya shiga wannan lissafi. Mutane da yawa sukan ci gaba da zuba kuɗi saboda tausayin abin da suka riga suka zuba, alhali wancan ya tafi, ko an gyara ko an sayar.

Sai dai lissafin kasuwa bai ƙare maganar ba, domin mafi yawan masu irin wannan babur hawa suke so. Tambayarsu ita ce: in an sayar, me za a hau? Malamin dabbobi da ke bin rijiyoyi a arewacin Maine-Soroa ko Gigimi yana bukatar dogayen ƙafafu da tsayin ciki, babur ɗin gari zai riƙa nutsewa da shi a yashi. A wurinsa, gyara mai tsada yana iya fin sabon babur da ba zai kai shi wurin aiki ba. Ma'aikacin da aka dawo da shi ofis a cikin Difa, tafiyarsa daga gida zuwa aiki ce da kasuwa, ba ya bukatar wannan ƙarfi, kuma injin bugu huɗu ya fi ƙarancin shan fetur, ba ya cin man haɗawa. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, arhar man ƙetaren kogi da aka saba da ita ta kau, ko da yake matatar Damagaram, wadda ke tace ɗanyen man Agadem na jihar Difa tun 2011, tana samar da na gida. Kuɗin fetur na wata-wata ya cancanci layinsa a takardar lissafi.

Lokaci ma kuɗi ne. Mai sayen tattasai da injinsa ya buga cikin ɗari, ana tsakiyar tsinka da shanya a gonakin Shetimari da Geskeru, kowane mako na jiran kaya buhuna ne da wani zai riga shi saye. Irin wannan ɗan kasuwa yana iya sayen ƙaramin sabon babur ya kama kaka, ya bar tsohon a gyara shi a natse. Wanda ke jiran albashi kuma ya yi hattara da gyaran rabi-rabi, a sayi fistan wannan wata, boris wata mai zuwa: injin da ya daɗe a buɗe a rumfa ƙura yake sha, ƙananan kayansa kuma sukan yi ƙafa.

Kayan gyara

Kasuwar Difa ta fi kallon Maiduguri da Kano bisa ga Yamai, naira kuma tana yawo a hannun jama'a tare da sefa. Saboda haka farashin kayan gyara yana bin canji, yana kuma bin halin iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe su bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har cikin farkon 2024. Kowane rufewa yakan sa kaya su yi wuya, jabu ya samu kasuwa. Kwali mai sunan kamfani ba shaida ba ce. Jabun fistan da jabun boris su ne suka fi ɓata sunan gyara, domin sukan mayar da mutum rumfar bakanike kafin damina ta zagayo. Ya fi kyau mai babur ya sayi kayan da kansa a wurin wanda ya sani, ya kuma karɓi tsofaffin da aka cire.

Bayan gyara, sabon fistan yana bukatar lallashi na ɗaruruwan kilomita na farko: ba gudu, ba kaya mai nauyi, ba dogon yashi. Da yawa daga cikin gyaran da aka ɗora wa bakanike laifinsu, mai babur ne ya kashe su a makon farko.

Akwai masu cire tsohon injin su ɗora na babur ɗin Sin. Yana da arha, amma sai an yanka an yi walda, sarƙa ba kullum take zama a layi ba, lambar injin kuma ta saɓa wa takardu. Akwai kuma masu farfasa babur su sayar da shi gunduwa-gunduwa. Tanki, ƙafafu, kafireta da sandunan gaba na asali suna da masu nema, jimillarsu tana iya fin tayin dillali, sai dai abin yana cin lokaci.

In sayarwa ce

A Difa sayar da babur ya wuce karɓar kuɗi a miƙa makulli. Babur ɗin da ya bar hannun mutum da takardu masu sunansa, in aka same shi wata rana a inda bai kamata ba, ƙofar mai sunan za a fara ƙwanƙwasawa. Saboda haka a san mai saye, a san mazauninsa, a rubuta takardar ciniki mai lambar jikin babur da ta injin, da shaidu, a kai ta hukuma ta buga hatimi, mai sayarwa ya riƙe kwafinsa. Mai saye kuma ya ga takardar duwan da katin mallaka kafin ya ƙirga kuɗi. Wanda ya zaɓi gyara ma ya fara tambayar hukuma ko hanyoyin da yake bi a buɗe suke ga babur, domin dokokin tsaro sukan bambanta daga gunduma zuwa gunduma, suna kuma canzawa.

Sai maganar amana. Akwai dabarar sakin fistan da ya manne, a goge shi, a mayar, injin ya tashi ya yi kwana biyu a hannun dillali. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Barno ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin hajarsa, ya kuma ba mai saye damar mayar da ita in an ɓoye masa. Difa ƙaramin gari ne, mai saye da mai sayarwa za su haɗu a masallaci ko wurin suna. A faɗi ciwon yadda yake, a rage farashi, ciniki ya yi albarka.

A taƙaice, babur mai lafiyayyen jiki, mai cikakkun takardu, wanda ciwonsa na sama ne kuma silindarsa tana da sauran mataki, ya cancanci gyara. Wanda ciwonsa ya sauka ƙasa, jikinsa ya gaji, mai shi kuma ya daina shiga daji, gara a sallame shi tun yana da masu taya. Abin da ya faɗa tsakanin biyun, hanyar da mutum ke bi kowace safiya ce za ta raba gardama. Masu baburan da har yanzu ke tafiya kuwa, su leƙa tankin mai kafin su tashi, su wanke soson iska duk mako cikin hunturu, su bar injin ya huta in yashi ya yi tsawo. Allah ya kiyaye hanya.